Yadda Za Ka Tsare Fayilolin Kwamfutocin Shagonku Kafin Su Salwanta

Darasin yau na masu kula da kwamfuta ne a ƙananan wuraren sana'a, irin shagunan buga takardu da ke kusa da Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, ko shagon taki da iri a Bichi da ya koma rubuta bashin manoma a Excel. Yawanci kwamfuta biyu ne ko uku, kuma yawanci kai ne yaron da maigida ya sakar wa komai saboda ka iya waya. Ranar da faifan ajiya ya mutu da lissafin bashin damina a ciki, kai za a fara nema.

A yankinmu ba sai ɓarawon intanet ya zo ba. Wutar KEDCO tana ɗaukewa kana tsakiyar adana fayil, janareta yana turo wuta fiye da kima, ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa sauran. Faifan ajiya na tsohon yayi kuwa faranti ne ke juyawa a ciki, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi.

Da yawa suna cewa ai sun kwafe komai zuwa D. Wannan ba ajiya ba ce. A mafi yawan kwamfutocin da ake sayarwa, C da D faifai ɗaya ne aka raba gida biyu, in ya mutu tare za su tafi. Filash ɗin da ke yawo daga kwamfutar wannan zuwa ta wancan ma ba abin dogaro ba ne, shi ne kan gaba wajen kwaso bairos ɗin nan mai ɓoye folda.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku na kowane fayil mai muhimmanci, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma ya kwana a wajen shago. Ga yadda za ka yi ta da abin da ke hannunka.

Da farko ka haɗa kwamfutocin a kan rauta guda. Ba ka buƙatar data a nan, domin fayil zai bi ta cikin rautar ne kawai, ba zai hau intanet ba. Zaɓi kwamfutar da ta fi lafiya, ka buɗe folda mai suna Ajiya, ka raba ta ga sauran, ka sa mata kalmar sirri. A kowace kwamfutar aiki sai ka shiga Control Panel, ka buɗe File History, ka nuna masa waccan folda. Zai riƙa kwafe abin da ke Documents da Desktop da Pictures duk bayan awa guda, kuma yana riƙe tsofaffin kwafi. Wannan shi ne daɗinsa: in wani ya goge rabin shafin lissafi ya adana, kana iya dawo da na jiya. Sai dai ka lura, fayil ɗin da aka jefa a wani lungu daban ba zai gan shi ba, don haka ka ladabtar da kowa a shagon ya riƙa ajiye aiki a Documents.

Kwafi na uku shi ne wanda aka fi yi wa kasala, kuma shi ne mai ceto. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari da ke Kano. Duk wanda kwafinsa ke cikin durowar shago a irin wannan dare, da kwamfutar da kwafin toka ɗaya suka zama. Ka sayi faifan ajiya na waje in ka shiga birni, duk Alhamis da yamma ka kwafe foldar Ajiya a kansa, ka zare shi, ka tafi da shi gida. Zarewar tana da dalili. Akwai manhajar da ke garkuwa da fayiloli har sai an biya kuɗin fansa, irin WannaCry da ta afka wa ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya. Irin wannan cuta tana kulle duk faifan da ta tarar a jone, har da foldar da aka raba ta rauta. Wanda ke cikin jakarka ne kaɗai ba ta isa ta taɓa ba.

To ina Google Drive? Yana da kyau, kuma yana ba da 15GB kyauta, amma da Gmail da Google Photos ake rabon wannan fili. Ni dai shawarata, ka ɗora masa ƙananan abubuwa masu tsada: littafin bashi, rasitai, ayyukan ɗalibai na Word. Waɗannan ba sa cin data ko da netwok ɗin ƙauye yana jan ƙafa. Hotuna da zanen CorelDraw ka bar wa faifai. Kada kuma a buɗe shi da adireshin Gmail na yaron shago, ranar da ya bar aiki da mabuɗin zai tafi. Sannan in ka goge fayil a foldar da ke daidaita kanta da Drive, can ma zai goge, kwana 30 kawai zai yi a kwandon shara.

Wani abu da ya shafi kusan kowane shago: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma kafofin da aka gano daga baya ba lallai a toshe maka su ba, don haka faifan da ke kwana a gida ya ƙara daraja.

Sau ɗaya a wata, ka ɗauki faifan nan ka jona shi a wata kwamfutar daban, ka buɗe fayil ɗin lissafi, ka duba ko bashin makon jiya yana ciki. In ya ƙi buɗewa, ka sake kwafin a ranar, tun na asalin yana raye.