Harshen Wasanni a Allon Sanarwar Coci: Misali daga N'Djamena

Allon sanarwar coci wuri ne da ake karantawa a tsaye, cikin sauri. Saboda haka mai shirya fasta yakan nemi hoton da mai wucewa ya riga ya sani. A N'Djamena, musamman unguwannin kudu irin su Moursal da Chagoua inda Kiristoci suka fi yawa, da wuya a sami hoton da ya fi ƙwallon ƙafa saurin shiga zuciyar matasa, ko da yake ƙungiyar ƙasar, Sao, ba ta taɓa kai wa ga gasar cin kofin Afirka ba.

Wannan salo ba sabo ba ne. A 1 Korintiyawa 9:24-27 Bulus ya kwatanta mai bi da ɗan tsere da kuma ɗan dambe, domin mutanen Koranti sun saba da wasannin Istimiya da ake yi kusa da birninsu duk bayan shekara biyu, inda ladan gwani kambin ganye ne mai bushewa. Fasta ta zamani takan sauya tsere da ƙwallo, kambi kuma da kofi.

A nan ne matsalar ɗalibin fassara take. Tseren Bulus kokawa ce da son zuciya. Ba a ambaci abokin gaba ba. Ƙwallo kuwa ba ta yiwuwa sai da ɓangare biyu, kuma cin wani faɗuwar wani ce. A birnin da Musulmi da Kirista suke kasuwa ɗaya, wanda kuma yaƙin 1980 ya lalata babban cocinsa na Katolika, Notre-Dame de la Paix, mai wucewa yana iya tambayar wace ce ɗaya ƙungiyar. Fastar da ta tsaya kan horo da juriya ta fi kusa da nassin, kuma ta fi aminci.

Akwai kuma batun harshe. Rubutun allo galibi da Faransanci ne, alhali hirar titi da Larabcin Chadi ake yi, ko Ngambai. Bahaushe ɗan kasuwa da bai iya Faransanci ba hoton kaɗai zai karanta. Idan za a mayar masa da saƙon, "kofi" zai ba shi filin wasa, "lada" kuma ta ba shi lahira. Babu kalma ɗaya da ta ɗauki duka biyun, don haka dole mai fassara ya zaɓa.