Yadda Za Ka Zaɓi Akwatin Sifikar Jitar Bes Da Ya Dace Da Irin Kiɗanka

Yawancin matasan da suka fara koyon jitar bes, kuɗinsu da hankalinsu duk kan jitar da amfilifaya suke ƙarewa, akwatin sifika kuwa sai abin da ya rage a aljihu. Alhali shi ne yake tura iskar da kunne ke ji. Jita mai tsada a kan akwatin da bai dace ba, sai ka ji ta kamar ana kaɗa ta a cikin randa. In kuma aka yi haɗin ba daidai ba, amfilifaya na iya ƙonewa, sifika na iya yagewa. A yau za mu duba yadda akwatunan suka bambanta, wanne ya dace da wane kiɗa, da lambobin da ya kamata ka karanta kafin ka biya kuɗi.

Me ya sa bes ke buƙatar akwatinsa na daban?

Sauti kaɗawar iska ce, ana auna ta da Hz, wato sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa. Mai tsirkiya biyar tana sauka har wajen 31. Jita ta yau da kullum kuwa a 82 take tsayawa. Duk lokacin da sauti ya ƙara kauri, dole faifan sifika ya tura iska mai yawa kafin a ji shi da ƙarfi. Shi ya sa idan ka jona bes a sifikar jita ta yau da kullum ka ƙure murya, faifan zai yi ta kai da komo fiye da yadda aka ƙera shi, har ya lalace.

Ga wani abu da ya shafe mu masu waya. 'Yar sifikar wayarka ba ta iya fitar da 41 Hz ko kusa da shi. Abin da kake ji a bidiyo su ne sautukan da ke rakiyar na asali, wato 82, 123, 164 da na sama da su, ƙwaƙwalwarka ce take cike gurbin. Don haka kada ka yanke hukunci kan akwati daga bidiyon YouTube da ka saurara ta sifikar waya. Ko da abin saurare na kunne mai kyau ne, makirfon da aka ɗauki sautin da shi da ɗakin da aka yi ɗaukar duk sun sa hannu a abin da ka ji.

Ma'anar 4x10, 1x15 da 2x12

Lamba ta farko yawan sifiku ce a cikin akwatin, ta biyu faɗin kowace da inci. 4x10 na nufin sifiku huɗu masu inci 10. An saba cewa mai inci 15 ta fi kauri, mai inci 10 ta fi kaifi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma lissafi ya nuna wani abu. Faɗin faifan inci 10 wajen murabba'in santimita 340 ne, na inci 12 wajen 530, na inci 15 wajen 860. Ka ga huɗu masu inci 10 sun kai 1,360, sun zarce ɗaya mai inci 15 nesa ba kusa ba. Kamfanin Phil Jones Bass ma da sifiku masu inci 5 yake haɗa akwatunansa, yana tara su da yawa.

Inda girma ya fi tasiri shi ne wajen watsa sauti. Babban faifai yana harba siririn sauti gaba kawai kamar tocila, wanda ke gefe ba ya samun sa sosai. Ƙaramin faifai ya fi baza shi. Wasu akwatunan kuma ana ƙara musu 'yar ƙaramar sifika ta siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tiwita, galibi da makunnin rage ta a baya.

Rufaffe ko mai ƙofar iska?

Akwati iri biyu aka fi samu. Rufaffe ba shi da wata kafa, iskar da ke ciki tana riƙe faifan kamar sifirin. Sautinsa a ɗaure yake, yana tsayawa da zarar ka tsayar da tsirkiya, kuma kaurinsa yana raguwa a hankali. Mai ƙofar iska yana da rami ko bututu da aka auna domin ya taimaka wajen fitar da kauri. Ya fi bayar da gurnani a wat ɗaya, sai dai ƙasa da inda aka saita ƙofar sautin yana faɗuwa da sauri, faifan kuma ya rasa abin da zai riƙe shi. A nan ne masu tsirkiya biyar suke yaga sifika idan suka ƙure makunnin kauri.

Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH a Amurka. Abubuwa uku ne: ƙaramin akwati, kauri mai zurfi, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan. Biyu kawai za ka samu a lokaci guda. Duk mai sayarwar da ya ce maka ɗan akwatinsa ya haɗa ukun, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Rok da metal

Matsalar mai bes a wannan kiɗa ita ce jitoci masu ƙara da mai ganga da ba ya tausaya wa fata. Abin da zai fitar da kai shi ne tsakiyar sauti mai naushi, kauri kaɗai nutsewa yake yi. A 1969 kamfanin Ampeg ya fito da SVT, amfilifaya mai wat 300 da akwati rufaffe na 8x10, kuma ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da shi a wannan shekarar. An raba cikin akwatin gida huɗu, kowane da sifiku biyu. Nauyinsa ya haura kilo 60, tsayinsa kuma ya sa sifikun sama suna kusa da kunnen makaɗi, shi ya sa ake masa laƙabi da firij. In ba ka da motar ɗaukar sa, 4x10 ko 2x12 zai yi maka aikin a matsakaicin wuri.

Rege da dub

A kiɗan Jamaika bes ne ke jan ragama, kuma ana son sa da kauri, a zagaye, babu ƙarar ƙarfe. Aston Barrett, mai bes na ƙungiyar Wailers ta Bob Marley, ya yi amfani da akwatunan Acoustic masu sifikar inci 18. Don wannan salo nemi 1x15, 2x15 ko babban 2x12 mai ƙofar iska, ka kashe tiwita gaba ɗaya. Ka tuna ƙa'idar Hofmann: kaurin nan yana cin wuta, yana kuma son babban akwati.

Sol da tsofaffin waƙoƙi

A 1960 Ampeg ya fitar da B-15, ƙirar Jess Oliver, mai sifika ɗaya ta inci 15 da wat da bai wuce 30 ba a farkon fitowarsa. Shi ne aka fi alaƙantawa da James Jamerson na kamfanin Motown da ke Detroit a wancan lokacin. Sautinsa mai ɗumi ne, mai taushi, ba ya tashi sama sosai. In kiɗanka na natsuwa ne ko na ɗakin ɗaukar sauti, 1x15 ko 1x12 marar tiwita ya wadatar.

Fonk da waƙoƙin coci na zamani

Larry Graham na ƙungiyar Sly and the Family Stone shi ya shahara da salon dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgo ta da manuni. Wannan salo yana fitar da kauri da siririn sauti mai ƙyalli a lokaci guda, don haka yana son akwatin da ke saurin amsawa. A shekarun 1980 kamfanin Hartke ya kawo faifan alminiyam a madadin na takarda, SWR kuma ya fito da Goliath, 4x10 mai ƙofar iska da tiwita, wanda ya zama abin koyi ga sauran kamfanoni. In kana buga mai tsirkiya biyar, kamar yadda aka saba a coci-coci, tabbatar akwatin yana jure 31 Hz ba tare da faifan ya fara fuka ba.

Jaz

A nan ana son a ji ainihin muryar kayan kiɗan, musamman in babbar gogen nan ta tsaye ce. 1x12 ko 2x10 mai sauti tsaf ya isa, ga sauƙin ɗauka. Amma ba doka ba ce: Jaco Pastorius da Acoustic 360 mai inci 18 ya yi suna, kuma kowane ɗan motsin yatsansa ana jin sa.

Kiɗan Afirka na rawa

A afrobit irin na Fela Kuti, da makosa ta Kamaru, da sukus na Kwango, bes yana yawo ne da sauri tsakanin ganguna da jitoci. In kauri ya yi yawa, bugun zai cakuɗe ya zama gurnani ɗaya. 4x10 ko 2x12 mai tsakiyar sauti a fili, da tiwita a rage, shi ya fi dacewa. Richard Bona ɗan Kamaru yana aiki da Markbass na Italiya, kamfanin da ya yi suna da akwatuna marasa nauyi masu maganaɗisun niyodimiyam. Kiɗan jita na Abzinawa irin na Bombino da Mdou Moctar kuwa, da yake jitar na da ƙara kuma sau da yawa a fili ake yin sa, buƙatarsa ta fi kusa da ta rok. A fili babu bangon da zai dawo maka da kauri, don haka yawan faifai ya fi komai amfani.

Lambobi uku da za ka karanta a bayan akwati

Ta farko ita ce om. Akwati yakan zo da om 8 ko om 4. Idan ka jona biyu a amfilifaya ɗaya ta hanyar da aka saba, lambar raguwa take yi: 8 da 8 su ba da 4, 4 da 4 su ba da 2, 8 da 4 su ba da wajen 2.7. Yawancin amfilifayoyin zamani om 4 ne iyakarsu, in ka sauka ƙasa da haka za su yi zafi su ɗauke, ko su ƙone. Shawara ita ce ka fara da akwati mai om 8, don ka bar wa kanka damar ƙara na biyu. Amfilifayar da ke ba da wat 500 a om 4 takan ba da wajen 300 a om 8, kuma bambancin a kunne kaɗan ne. Mai kwalaben wuta irin na da kuwa, kada ka taɓa kunna ta ba tare da an jona akwati ba.

Ta biyu ita ce wat. Nemi wadda aka rubuta RMS a gefenta. Manyan lambobin PMPO da ake mannawa a jikin sifikun kasuwa na talla ne kawai. Ko RMS ɗin ma zafin da koyil zai jure take nunawa, faifan na iya kai iyakar motsinsa tun kafin nan. Da ka ji sauti ya fara fashewa, rage.

Ta uku ita ce dB, wato yawan ƙarar da akwati ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Kowane ƙarin dB 3 daidai yake da ninka wat sau biyu. Akwati mai 99 dB da wat 200 zai yi ƙarar da mai 96 dB sai da wat 400 zai yi. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka kuwa, sai an ƙara wajen dB 10, wato wat ninki goma. Shi ya sa ƙara akwati na biyu ya fi sayen babbar amfilifaya amfani.

Kafin ka miƙa kuɗi

Yawancinmu na hannu za mu saya, ko a Alaba ta Legas ko a wajen wani makaɗi. Je da jitarka da amfilifayarka. Danna kowane faifai a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarsa, in ka ji yana gogar wani abu, koyil ya taɓu. Sa mita a bakin jonawa: akwatin om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, na om 4 wajen 3. Sauke manhajar da ke fitar da sauti gwargwadon Hz a wayarka, jona ta da murya ƙasa-ƙasa, ka tashi daga 40 zuwa 200 a hankali, duk katakon da ya saki ko dunƙulen da ya kwance zai tona kansa. Ka matsa baya kamar taku goma ka saurara, ka kuma koma gefe.

Wayar da ke tsakanin amfilifaya da akwati dole ta zama ta sifika mai kauri, wayar jita siririya ce, tana iya zafi ta jawo asara. Akwatin kansa ba ya shan wutar bango, amma amfilifayar da aka shigo da ita daga Amurka tana iya zama ta bolt 120, mu kuwa 230 muke da shi, don haka duba bayanta kafin ka soka.

Abu na ƙarshe, auna inda kake kiɗa. A babban taro galibi ana ɗaukar sautin bes kai tsaye zuwa manyan sifikun fili, akwatinka kai da mai ganga kawai yake yi wa aiki. In a ɗaki kake haɗa waƙa da kwamfuta, akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar shahararrun akwatunan nan, kana iya gwada 8x10 da 1x15 a kan bugu ɗaya kafin ka kashe ko kwabo. In kuma salo daban-daban kake bugawa, sayi 1x12 ko 2x10 mai om 8 da tiwitar da ake iya ragewa. Ranar ƙaramin zama ka ɗauki ɗaya, in hali ya samu ka ƙara irinsa sak ka ɗora a kai don ranar babban biki.