Yadda Mulkin Mallaka Ya Kori Ajami Daga Ofis

Kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, ƙasar Hausa tana da rubutunta. Sarakuna na aika wa juna wasiƙu da Larabci, alƙalai na hukunci da littattafan Malikiyya, malamai kuma na rubuta waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci cikin haruffan Larabci, wato Ajami. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta wannan hanya ta isar da karatu ga matan karkara ta hannun 'yan taru.

Bature bai kafa dokar hana Ajami ba, kuma wannan ne wurin da mutane da yawa ke kuskure. Abin da ya yi ya fi doka tasiri: ya raba Ajami da aikin yi. Gwamna Lugga ya zaɓi a riƙa rubuta Hausar gwamnati da haruffan Turawa, domin yawancin jami'ansa ba su iya karanta Larabci ba, kuma ba ya son su dogara da malamai da tafintoci wajen sanin abin da ke cikin takarda. 'Yan mishan irin su Likita Mila na Zariya ma haka suke so. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun boko. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wanda ya iya boko shi ne malamin ofis, shi ne mai rubuta haraji, shi ke karɓar albashin En'e a ƙarshen wata. Wanda ya sauke Alƙur'ani, ya iya rubuta wasiƙa da Ajami tsaf, sai ya koma zaure da allonsa.

Abin takaicin shi ne sunan da aka laƙaba masa: jahili. Da aka zo Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, dattijon da ya yi shekara talatin yana karatu da rubutu sai ga shi a ajin manya ana koya masa a, ba, ca. Ilminsa bai ragu ba, ma'aunin ne aka sauya.

Sai dai a faɗi gaskiya, Ajami na da nasa rauni. Ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida, kowane malami da yadda yake rubuta wasu sautuka, kuma wasulan "o" da "u" kan rikice wa mai karatu. Boko kuwa ya zo da injin ɗab'i. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Ba mai hankalin da zai ce a mayar da waɗannan. Amma da an kashe wa Ajami rabin kuɗin da aka kashe wa boko, raunin nan da an gyara shi tuni.

A Nijar lamarin ya fi tsanani, don Faransawa ba su ba Hausar kanta gurbi a aji ba, Faransanci zalla ake koyarwa a lokacin.

Rigimar ba ta mutu ba har yau. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire Ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 kuma daga sabuwar naira 100. Masu murna da cirewar suna cewa an kawar da Larabci daga kuɗin ƙasa, alhali Hausa ce aka rubuta, adadin kuɗin kawai take faɗa wa ɗan kasuwar da bai yi boko ba.