Duwatsun Wuya na Mutanen Krobo

A ƙasarmu, idan aka ce jigida ko murjani, mun san kayan adon mata ake nufi. Amma a wurin mutanen Krobo, waɗanda su ke zaune a kudu maso gabashin Gana, dutsen wuya ya wuce ado. Dukiyar gida ce, kakanni mata ne kuwa su ke tsaronta.

Da hannunsu su ke yin duwatsun. Sukan daka fasassun kwalabe har su zama gari, su tankaɗe, sa'an nan su zuba cikin ƙananan ramummuka da aka yi a jikin faifan yumɓu. A tsakiyar kowane rami sukan kafa ɗan tsinken ganyen rogo. Sa'ad da aka sa a tanderu, garin ya narke ya haɗe, tsinken kuwa ya ƙone, ya bar kafar da zare zai bi. Daga nan sai a goge da yashi da ruwa. Mu da mu ke zubad da kwalba a juji, sai mu lura.

Ranar da darajarsu ta ke bayyana ita ce ranar dipo, watau bikin shigar 'yammata cikin sahun manya, wanda akan yi wajen watan Afrilu ko Mayu. Akan ɗaura wa yarinya duwatsu a wuya da hannu da ƙugu har su yi mata nauyi. Masu kallo ba yarinyar kaɗai su ke gani ba, asalin gidansu su ke aunawa. Wanda ba shi da su yakan yi aro ko haya, gudun kunya. A 1892 gwamnatin Ingila ta kori mutanen daga Dutsen Krobo, ta hana dipo, masu mishan na Basel ma sun yi gāba da shi, amma bikin bai mutu ba. Har wa yau iyalan Kirista na can ba su zama baki ɗaya a kansa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne ciniki. Tun wajen 1970 Turawa suka shiga neman tsofaffin duwatsu, fatake kuwa, da yawansu Hausawa, suka bi ƙauyuka suna saye. Kowace Alhamis akan baje irinsu a kasuwar Koforidua. Matar da ta sayar domin kuɗin makaranta ko na asibiti, ba mu ga laifinta ba. Sai dai sababbi ana gasa su kullum, na kaka kuwa in ya haye teku ba ya komowa.