Ɗan riƙon da ya gagari gida: a fara da likita kafin gidan mari

Riƙo tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Baba ta Karo, wadda aka buga tarihin rayuwarta a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Yau ma goggo kan ɗauki ɗan ƙaninta, kaka ta karɓi jika idan aure ya mutu, ga kuma marayun da rikicin Borno da na Zamfara suka watsa gidajen 'yan uwa. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne ranar da yaron zai fara abin da ya fi ƙarfin gida: shekara tara yana fitsarin kwance, ya ƙoshi amma ya ɓoye tuwo ƙarƙashin katifa, ya ɗauki kuɗin cefane ya rantse bai gani ba, ko ya bi duk baƙon da ya sakar masa fuska.

Unguwa ba ta rasa fatawa. Wannan ta ce jini ne, haka ubansa yake. Waccan ta ce tsintacciyar mage ba ta mage. Mai riƙo kuwa tana tsaka mai wuya: ta doke shi a ce don ba ita ta haifa ba, ta ƙyale a ce ta lalata ɗan amana. Sai a shiga rubutu da ruƙiyya, in abin ya ƙi sai gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, har da yara ƙanana. Yawancinsu dangi ne suka kai su da hannunsu.

Maganar jini ita ce ta fi rauni. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, iyalai a Ingila sun ɗauki yara daga gidajen marayun ƙasar, inda jarirai ke wuni a kwance ba mai ɗaukar su. Likita Michael Rutter da abokan aikinsa suka bi rayuwar yaran nan har suka girma. Waɗanda aka fitar kafin su cika wata shida sun tashi kusan kamar sauran yara. Waɗanda suka daɗe fiye da haka, da yawansu sun yi fama da rashin natsuwa da sabo da baƙo barkatai, duk da gatan da suka samu daga baya. Wato abin da yaro ya gani, ko ya rasa, tun bai iya magana ba, yana biyo shi sabon gida. Mai ɓoye tuwo sau da yawa ya taɓa kwana da yunwa ne.

Idan aka kai yaro asibiti, shi kansa gwajin ba daga ƙwaƙwalwa yake farawa ba. Likitan yara kan fara duba jiki, domin yaron da ake cewa "ba ya ji" wani lokaci kunnen ne da gaske, sanƙarau ko ciwon kunne ya taɓa shi. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro. Sai dai ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri ɗaya, malamin aji ya ce raini ne. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana iya barin tabo a hali da karatu. Haka gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Fitsarin kwance kuwa likitoci ba sa lissafa shi cuta kafin shekara biyar.

Bayan jiki sai tambayoyi, ga mai riƙo, ga malamin boko da na Islamiyya, ga yaron shi kaɗai. Halin da ake gani a gida kawai daban yake da wanda ake gani ko'ina. Sau da yawa abin da ke biyo baya ba ƙwaya ba ce. Horo ne ga manyan gida a kan yadda za su tafi da shi, da zama da masanin halayyar ɗan Adam.

Ƙwararrun kaɗan ne, wannan gaskiya ce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau, ga sassan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. A 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta haifar da likita, kuma sunan Dawanau kaɗai ya isa ya sa uwa ta fasa.

Inda muka fi yi wa yaran nan illa, a ganina, shi ne ɓoye asali. Dangi kan rufe labarin don gudun gori: ba a faɗi cewa uwar ta rasu yana kan nono ba, ko hannu huɗu ya bi kafin ya iso nan, ko a gabansa aka harbe ubansa. Likitan da aka ce masa "ɗana ne, haka kawai ya sauya" zai yi ta lalube a inda babu komai. Mai riƙo na iya roƙon a fitar da yaron daga ɗaki kafin ta yi bayani. Ta tafi da katin rigakafi idan yana nan, da sakamakon makaranta, da wanda ya san yaron tun yana goye.