Naƙab: Kalmar da ke huda ciniki

'Yan kasuwar Filinge da sauran ƙasar Kurfai, in dillali ya tsai da kuɗin bijimi mukan ce an yanke farashi. Ibraniyawan dā kuwa hudawa suke cewa. Kalmarsu ita ce naƙab. Asalinta huda abu, kamar naƙaba ta Larabci, sannan ta ɗauki ma'anar ayyana abu ƙarara, yadda makiyayi ke tsaga kunnen tunkiya don a san tasa ce.

Wurare kaɗan ta zo da wannan ma'ana. A littafin Farawa 30:28, da ita Laban ya nemi Annabi Yakubu ya faɗi ladan kiwonsa. Yakubu ya zaɓi awaki masu dabbare-dabbare da baƙaƙen tumaki, amma daga baya ya koka cewa sau 10 surukin nasa yana canza ladan. A Haggai 1:6 kuma, kalmar ce ta siffanta jakar kuɗi mai huji, inda lada ke zurarewa.

To, ku masu ɗaukar ɗan dako ko 'yar talla, ku faɗi lada tun kafin aiki, gaban shaidu, kuma ku tsaya a kai. Magana zarar bunu ce.