Riƙon 'Ya'ya Idan Auren Soja Ya Mutu

Soja ba ya zaɓar inda zai zauna. Saurayin da ya tashi a ƙauyukan Gaya ko Ajingi, ya yi horo a Zariya, yana iya fara aiki a barikin Bukavu a Kano, a mayar da shi Rukuba a Jos, daga can a tura shi Maiduguri. Idan aure ya mutu cikin wannan yawo, sai a tarar uba yana Borno, uwa ta koma gidansu wajen Dutse, 'ya'ya kuwa suna hannun kaka a Ajingi. Kafin 1991 Gaya da Dutse jiha ɗaya suke; yau tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta fitar da mutum daga Kano zuwa Jigawa.

Burinmu na farko sulhu ne. Amma idan sulhu ya ƙi, wurin fasto ake fara kawo kuka kafin a nemi lauya, kuma shawarar da muka bayar cikin rashin sani tana iya raba yaro da uwarsa ko ubansa shekaru masu yawa.

Wane irin aure aka ɗaura?

Wannan ce tambayar farko, domin amsarta ce take nuna dokar da za a bi. Auren rajista shi ne wanda aka ba da sanarwarsa a ofishin rajistar aure, aka jira kwana 21, aka ɗaura shi a ofishin ko a majami'a mai lasisi, aka kuma karɓi takardar shaida ta gwamnati. Irin wannan aure yana ƙarƙashin dokar tarayya ta shari'o'in aure ta 1970, kuma Babbar Kotu kaɗai take iya raba shi.

Da yawa cikin aurarrakin da ake yi a ikkilisiyoyin karkara ba haka suke ba. An biya sadaki, iyaye sun yarda, fasto ya sa albarka, ikkilisiya ta ba da takardarta. A idon doka wannan auren gargajiya ne. Saboda haka mu nemi ganin takardar da idonmu kafin mu ce uffan.

Idan kuwa bisa Musulunci aka ɗaura auren, Kotun Shari'a tana bin mazhabar Malikiyya: uwa ce take da riƙo har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin miji, bayan uwa sai kaka ta wajen uwa. Sanin wannan yana da amfani inda dangi suka haɗa addini biyu.

Wace kotu ce za ta ji maganar?

A Amurka kowace jiha da dokar iyalinta, shi ya sa suka tsara cewa jihar da yaro ya yi wata shida na ƙarshe a cikinta ita take da hurumi. Namu tsarin dabam ne. Sashe na 2 na dokar 1970 ya ɗauki Nijeriya duka a matsayin mazauni ɗaya, don haka ana iya shigar da ƙara a Babbar Kotun kowace jiha. Sojan da yake Jos yana iya kai ƙara a Filato, ko da matar da 'ya'yan suna Gaya.

Nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake cutuwa. Sammaci ya iso, matar ba ta da kuɗin mota, sai ta ajiye takardar ta yi shiru, a yanke hukunci a bayanta. Alhali sashe na 9 ya ba kotu ikon mayar da shari'a wata jiha idan adalci ya bukaci haka, kuma lauyanta yana iya roƙon hakan. Soja ma da yake fagen daga ya sanar da kotu ta bakin lauya, ya nemi a ɗage zama. Hukuncin da aka yanke a jiha ɗaya yana aiki a dukan jihohi, don haka gudu da yaro zuwa Jigawa ko Bauchi ba ya kashe shi. Raina kotu ne.

Me alƙali yake dubawa?

Sashe na 71 ya sa amfanin yaro gaba da kome. Alƙali yana duba shekarun yaron, wanda ya shaƙu da shi, makarantarsa, lafiyarsa, da wanda zai kula da shi a zahiri. A shari'ar Williams da Williams ta 1987 Kotun Ƙoli ta nuna cewa riƙo ba horo ba ne ga wanda ya yi laifi a aure. A ta Odogwu da Odogwu ta 1992 ta karkata ga barin ƙananan yara wurin uwa, sai dai in an nuna dalili mai ƙarfi. Ko a auren gargajiya, inda muka saba cewa ɗa na uba ne, shari'ar Okwueze ta 1989 ta bayyana cewa ba a tilasta wannan al'ada idan za ta cuci yaron.

Kakin soja ba ya hana mutum riƙo, ba ya kuma ba shi. Tambayar ita ce: ranar da aka tura shi daji wata tara, hannun wa yaran za su kasance? Sashe na 57 kuma ya hana rabuwar aure ta tabbata sai kotu ta gamsu da tanadin da aka yi wa 'ya'yan da ba su kai shekara 16 ba.

Ciyarwa tana nan a kan uba ko yaran ba sa hannunsa. Dokar rundunonin soja ta yi tanadin cire kuɗin ciyar da mata da 'ya'ya daga albashi, musamman inda akwai umarnin kotu.

Aikin da ya rataya a wuyanmu

Mu ji ta bakin kowane ɓangare, ko da ta waya ne. Mu tuntuɓi faston bariki, domin shi yake da hanyar isa ga kwamanda, magajiyar bariki kuma ta san halin da matan suke ciki. Idan dattawa suka daidaita iyalai biyu, a rubuta: wurin wa yaran za su zauna, yaushe za su je hutu wurin ɗayan, wa zai biya kuɗin mota da na makaranta, me za a yi in an sauya wa uban wurin aiki. Sa'an nan a kai takardar kotu ta amince da ita. Marasa hali mu nuna musu Hukumar Ba da Taimakon Lauya ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA a Kano. Kada gidan fasto ya zama maɓoyar yaron da aka ɗauko ba da izini ba. In ana dūkan yaro ko uwarsa, mu kai rahoto, mu nemi kāriyar hukuma.

A 1 Sarakuna sura 3, Sulemanu ya gane uwar gaskiya ne da ta zaɓi ta rasa riƙo domin ɗanta ya rayu. Da wannan ma'auni za mu yi wa iyaye gargaɗi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Majami'arku tana da lasisin ɗaura auren rajista? Ma'aurata sun san irin auren da suke ciki?
2. Me za ka faɗa wa kakan da ya ce jikokinsa ba za su taɓa barin gidan ubansu ba?
3. Ta yaya zumuntar mata da dattawa za su tallafi yaran da iyayensu suke jihohi dabam dabam?